Wanda Ya Ɗaga Mota Ya Ci Bashin Ƙafarta

Kowace shekara idan damina ta yi nisa, ruwa ya farfasa kwalta, ramuka suka buɗe baki tun daga Ikko har Maiduguri, sai kasuwar masu gyaran ƙafar mota ta buɗe ita ma. Mutum ya sayo mota 'yar Kwatano wadda aka ƙera domin shimfiɗaɗɗun titunan Jamus ko Amurka, ya ga cikinta yana gugar ƙasa a kowane ɗan tudu, sai ya nufi gareji ya ce a ɗaga masa ita. Makaniki ya kwance sifirin, ya cusa wani zoben roba ko na ƙarfe a kansa, ya mayar ya ɗaure, motar ta tashi da inci 1 ko 2. A wani gefen kuma ga samari masu abin hannu, waɗanda ba rami ne ya dame su ba, su dai su ga Hilux ko Jeep tasu ta miƙe kamar raƙumi bisa manyan tayoyi masu haƙora. Da mai bukata da mai ƙawa, dukansu sukan ɗauka aikin ya ƙare ran da aka sauko da motar daga kan jak. Alhali kuwa ran nan ne aka ci bashi, ƙafar mota kuwa ba ta san yafiya ba: ko a biya ta a wurin awo, ko ta karɓi abinta a jikin taya, ko kuma, Allah ya kiyaye, ta karɓa a tsakiyar hanya.

A makon nan filin namu zai duba wani ƙarfe da aka ƙago musamman domin biyan wannan bashi, watau hannun ƙafa mai saiti, wanda ake iya ƙara masa tsawo ko a rage. Ya daɗe yana cin kasuwa a Amurka da Ostareliya, inda sake fasalin mota ya zama babbar sana'a, ga shi kuma ana iya yin odarsa daga nan ta intanet. Kafin mai karatu ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san abin da ƙarfen nan yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Taya dai ba a jikin mota take liƙe ba. Akwai ƙarafa masu riƙe da ita, kai ɗaya a jikin shasi, ɗayan a wajen wili, su ne makanikanmu ke kira lowa-am da ofa-am, watau hannun ƙasa da hannun sama. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shokazoba ta hana shi tsalle, amma hannu shi ne yake faɗa wa taya inda za ta tsaya da inda za ta fuskanta. Abin da ya kamata a riƙe shi ne hannun nan ba ya hawa da sauka a miƙe. Lilo yake yi a kan gindinsa, kamar jigon mai lambu: in bakin jigo ya sauka cikin rijiya, ba ƙasa kaɗai ya yi ba, ya kuma matso wajen gindin. Injiniyan da ya zana motar ya yanke tsawon kowane hannu ne bisa tsayin da ya ba motar a masana'anta. Ran da aka sake wannan tsayi, hannun yana nan da tsawonsa na jiya, amma ya koma aiki a wani sashen lilon da ba a shirya masa ba, sai tayar ta karkace.

Karkatar nan iri 3 ce. Ta farko ita ce kamba, wadda ake gani in an tsaya a gaban mota: ko kan tayar ya shige ciki gindinta ya fito waje, kamar mai gwame, ko kuwa kan ya leƙa waje, ƙafa ta zama baka. Taya mai gwame cikinta ke cinyewa, ta bar wajen da sauran zane, har mai ita ya riƙa zaton tayarsa lafiya lau take alhali waya ta fito ta inda ido ba ya kaiwa. Ta biyu ita ce wadda ake gani daga sama, watau ko bakin tayoyin biyu ya tsuke suna fuskantar juna, ko ya buɗe kamar tafiyar agwagwa. Wannan ita ce makanikai ke kira to-in, ita ce kuma ta fi kowace saurin cin taya. Lissafinta ba shi da wuya. Idan taya ɗaya ta kauce daga hanyarta da rabin digiri kacal, to a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 9. Daga Kaduna zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 230, an kankare ta a kan kwalta har tsawon kilomita 2 ke nan, sai ka ce an sa mata magagari.

Ta uku, watau kasta, ita ce ido ba ya gani, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Duk wanda ya taɓa hawan keke ya san fok ɗin gaba ba a tsaye cak yake ba, kansa ya kwanta baya wajen mahayi. Kwanciyar nan tana cikin abin da ke sa keke ya miƙe da kansa, har yaro ya saki hannu yana fito. Ran da keken ya yi karo da bango fok ya lanƙwashe, daga ranar sakin hannu ya ƙare. Haka ƙafar gaban mota take. Layin da taya ke juyawa a kansa ya ɗan kwanta baya da 'yan digiri, shi ya sa in ka gama shan kwana sitiyari yake komowa tsakiya da kansa. Idan kasta ta ragu, sitiyari ya yi sakwaf, motar ta shiga yawo a kan hanya, direba yana ta kamo ta dama da hagu kamar mai kora akuya zuwa kasuwa. Ba ta cin taya sosai, saboda haka ba ta barin shaida. Direba kawai take gajiyarwa, sa'an nan ta bashe shi ran da ya kauce wa wani abu da gudu.

Babu motar da ta fi nuna wannan al'amari a fili kamar Jeep Wrangler ta Amurka, wadda ake haɗawa a birnin Toledo na jihar Ohayo, wadda kuma masu ita suka yi suna wajen ɗagawa. Har zuwa ƙirar 1995 sifirin mai faranti ne a ƙarƙashinta, irin na manyan motoci, wanda shi ke ɗaukar nauyi shi ke kuma riƙe aksul. Daga ƙirar 1997 sai kamfanin ya koma ga sifirin mai naɗi. Tafiya ta yi laushi, amma sifirin mai naɗi ba ya riƙe komai sai nauyi, don haka aka ɗaure kowane aksul da hannuwa 4, biyu sama biyu ƙasa, da wata sandar gicciye guda mai hana shi zamewa gefe. Aksul ɗin gaba sanda ɗaya ce ɗungurungum mai haɗe tayoyin biyu.

To, a ce an ɗaga wannan mota da inci 4, watau kimanin santimita 10. Hannu mai tsawon santimita 40 wanda dā yake kwance daidai da ƙasa, yanzu ya sunkuya, bakinsa ya ja baya da santimita 1.3. In da ma a sunkuye yake tun daga masana'anta, jan ya fi haka. Tayar gaba ta matso wajen ƙofa, ta baya ta matso gaba, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu, babbar tayar da aka sayo da tsada ta fara cizon bodi. Sandar gicciye ita ma ta sunkuya, ta jawo aksul ɗin gefe ɗaya, taya guda ta leƙo waje fiye da 'yar uwarta. Mafi muni kuma, aksul ɗin gaba bai sauka a miƙe ba, ya mirgina gaba kaɗan, kasta ta zube. Wrangler ƙirar 2007 zuwa 2018 tana fitowa ne da kasta digiri 4 da 'yan kai, ba wata mai yawa ba ce balle a yi asarar wani sashenta. Lissafin nan kuma shi ya sa masu ɗagawa da yawa sukan yanke mazaunin hannu su mai da shi baya su sa dogaye: hannu mai santimita 80, a wannan ɗagawar dai, santimita 0.6 kawai yake ja.

Nan ne amfanin hannu mai saiti ya bayyana. Maimakon ƙarfe guda mai tsawo ɗaya har abada, an yi shi kashi biyu, ɗaya yana shiga cikin ɗaya da tiredi, watau zanen murɗi irin na jikin noti, ga kuma wani noti na musamman da ake ɗaurewa ya kulle shi. Wani irin sai an cire kai ɗaya an juya, wani kuwa tiredinsa na dama a wannan kai na hagu a wancan, ana murɗa tsakiyarsa yana kan mota. A ƙara wa hannuwan ƙasa tsawo, gindin aksul ya koma gaba, taya ta dawo tsakiyar gidanta, kasta ta dawo. A sa sandar gicciye mai saiti, aksul ya koma tsakiya. Ga wanda ya ɗaga irin wannan mota da yawa, wannan ba kayan ado ba ne, shi ne cikon aikin.

Amma fa akwai inda gizo yake saƙa. A jikin aksul ɗin nan na gaba akwai bakin da farfela ke shiga, wanda ke kawo ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba, kuma da bakin farfelar da mazaunin kasta duk a jikin ƙarfe ɗaya aka yi musu walda. Ka mirgina aksul baya domin ka sami kasta, bakin farfela ya sunkuya ƙasa, gaɓar farfelar ta shiga aiki a lanƙwashe, sai kaɗawa ta taso daga ƙarƙashin kujera, gaɓar ta mutu kafin lokacinta. Ka mirgina shi gaba domin farfela ta huta, sitiyari ya koma yawo. Gwanin aikin shi ne wanda ya san inda zai raba gardamar, ya ba kowane ɓangare abin da zai iya rayuwa da shi. Idan ɗagawar ta yi yawa ƙwarai, gardamar ba ta rabuwa da murɗa hannu, sai an yanke kunnuwan aksul an juya su an sake walda, ko a sayi wani aksul da aka ƙera domin wannan tsayi. Saboda haka duk mai sayarwar da ya ce hannunsa yana maganin kowace irin ɗagawa, to, ciniki yake nema.

Akwai kuma wata cuta da ta yi suna a motoci masu aksul ɗaya a gaba, wadda Amurkawa suka laƙaba wa sunan da ma'anarsa ita ce rawar ajali. Mota tana cikin gudu a babbar hanya, taya ta bugi rami ko gaɓar gada, sai gaban motar baki ɗaya ya kama jijjiga, sitiyari yana neman ƙwacewa daga hannu, ba kuwa za ta daina ba sai an rage gudu ƙwarai ko an tsaya. Ƙorafi ya yi yawa har a 2012 wasu 'yan majalisar wakilan Amurka biyu, Henry Waxman da Anna Eshoo, suka rubuta wa hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar suna neman bayani. A 2019 kamfanin Fiat Chrysler, mai Jeep a lokacin, ya yi tayin canza wa masu sabuwar Wrangler wata 'yar shokazoba da ke jikin sitiyari kyauta, yana mai cewa irin wannan girgiza tana iya samun motar kowane kamfani in dai aksul ɗinta na gaba ɗaya ne. Ke nan har wadda ba a taɓa ba tana iya kamuwa. Amma makanikan da suka daɗe a kan aikin inda suke fara dubawa shi ne notin sandar gicciye da ya yi sako-sako, ko bushin da ya mutu, ko boljoyin mai wasa, ko tayar da ba a yi wa balans ba, kuma ƙarancin kasta yana daɗa buɗe wa cutar ƙofa. Ɗagawa tana taɓa kusan dukan waɗannan wurare a rana ɗaya. A ganina, wanda ya ɗaga mota, rawa ta taso, ya je ya ɗaura babbar shokazobar sitiyari ya ce ya warke, ya rufe gyambo ne da riga.

Mu a nan ba Wrangler ce ta cika mana hanya ba, Toyota ce, ita kuwa labarinta ya ɗan bambanta. Hilux tun daga ƙirar 2005 kowace tayar gaba da hannuwanta biyu masu kama da baka, sama da ƙasa, kowace taya tana hawa da sauka ita kaɗai. Kamfanin ya bar wurin saiti a gindin hannun ƙasa, wasu notoci masu faifai wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, in an juya su hannun ya matsa ciki ko waje. Ɗagawa kaɗan, notocin nan sun isa su gyara, in tsatsa ba ta riga ta cinye su ba, gama sau da yawa sukan manne cikin bushin har sai an sa zarto. Amma idan aka kai inci 2 zuwa 3, hannun sama ya rataye, boljoyin ɗinsa ya kai ƙarshen lanƙwasarsa, in taya ta faɗa rami hannun ya riƙa dukan sifirin, galibi kan tayar ya leƙa waje, kasta ta ragu. Mai awo ya juya faifan har ƙarshe, ya sami kamba ya rasa kasta, ko ya sami kasta ya rasa kamba. A nan ne ake bukatar sabon hannun sama, ko mai saiti ko wanda aka ƙera da gyaran a jikinsa. Ga mutumin da ba gasa yake shiga ba, ni na fi son na biyun, domin abin da ba shi da noti ba ya kwancewa.

Land Cruiser kuwa, irin mai lamba 70 da ake yi tun 1984, wadda ke ratsa rairayin Agadas da sauran hanyoyin Sahara, aksul ɗaya ne a gabanta, kuma tun 1999 sifirin mai naɗi ne da dogayen hannuwa biyu. Cutar kasta ta Wrangler tana kama ta ita ma, maganinta kuwa ko bushin mai karkataccen rami, ko faranti, ko sabon hannu. Masu irin wannan mota suna da wata matsalar ta daban, watau lodi. Motar da aka ƙara wa faranti a sifirin na baya domin ta ɗauki buhuna da duro, in babu kaya gindinta a sama yake, in an loda ta zauna, kuma duk lokacin da gindi ya tashi ko ya sauka kastar gaba tana canzawa tare da shi. A auna ta da irin nauyin da ta saba ɗauka, ba fayau ba.

Dattawan direbobi za su ce ai Peugeot 504 doguwa ce, ba ta kuwa taɓa ba su wannan wahala ba. Gaskiya ne. Motar da aka riƙa haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta buɗe a 1975, wadda kuma irinta ta cinye gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar, tsayinta na gida ne. Da sifirin da shokazoba da hannuwa duk tare aka zana su. Bambancin ke nan tsakanin dogon mutum da wanda ya hau kan turmi.

Ƙananan motoci ma ba su tsira ba, hasali ma da yawansu kamfani bai bar musu wurin saitin kamba ko kasta ba sam, to-in kaɗai ake iya taɓawa. Domin a ga yadda ɗan kuskure yake da tsada, a tuna da Honda Civic ƙirar 2006 da 2007, wadda ta cika tashoshinmu daga baya. Tayoyinta na baya sun riƙa cinyewa ba daidai ba tun tana sabuwa, har a 2008 kamfanin ya umarci dillalansa na Amurka su canza hannun sama na baya da wani da aka gyara wa tsawo, domin gwamen ya ragu. In injiniyoyin Honda da kansu sun kuskure da 'yan milimita tayoyi suka ƙare, ina ga zoben da aka yanko daga tsohuwar tayar tirela aka cusa kan sifirin? Masu saukar da mota ƙasa kuwa, irin yayin da samarin Japan da Kalifoniya suka yaɗa, nasu gwamen da gangan ne, suna amfani da hannu mai saitin nan ne su karkatar da taya har ta riƙa tafiya a kan gefenta. Sun rage faɗin robar da ke taɓa ƙasa, watau sun rage birki, da kuɗinsu.

Abu guda da nake roƙon kada kowa ya yarda da shi, ko nawa ne rangwamen, shi ne a yanke hannun asali a ƙara masa guntun ƙarfe a yi walda, ko a gasa lanƙwasasshe da wuta a miƙar. Masu waldarmu na Panteka da Ƙofar Ruwa gwanaye ne, babu mai musu, amma ƙarfen hannu an gasa shi an sanyaya bisa ƙa'ida a masana'anta, wuta tana sake masa hali, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi ta inda ba a gani. Hannun ƙafa ba ya karyewa a gareji. Yana karyewa ne lokacin da aka fi dogara da shi, a kwana ko a taka birki, taya ta naɗe ƙarƙashin mota.

Ko wanda aka sayo daga waje ma sai an duba gaɓoɓinsa. Na asali bushin roba ne, yana shanye ƙara da girgiza, ba ya neman giris. Masu saiti da yawa kuwa suna zuwa da gaɓar ƙarfe zalla, ƙwallo cikin zobe, irin ta jiragen sama da motocin tsere. Tana riƙe awo daram, amma tsirara take. Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin karkara in suka shiga tsakanin ƙwallo da zobe, sun zama yashin goge tukunya, ba da daɗewa ba za a fara jin ƙwas-ƙwas. Mai tsere yana kwance motarsa bayan kowace gasa, mai zuwa ƙauye kowane mako ba ya yi. A nemi mai roba, ko mai rufaffiyar gaɓa da wurin ɗura giris. A kuma lura da yawan tiredin da ya rage a ciki bayan an ƙara tsawo: ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce abin da ke ciki kada ya gaza kaurin sandar, in ya kai ɗaya da rabi ya fi. Wanda ya warware hannu har ya rage zane 3 ko 4, ya rataya ran fasinjojinsa a kansu.

Sa'an nan sai awo, wanda in babu shi duk abin da aka faɗa a sama ɓarnar kuɗi ne. Hannu mai saiti yana iya gyara kusurwa, yana kuma iya ɓata ta fiye da yadda na asali zai taɓa yi, gama na asali ko ba komai dama da hagu tsawonsu ɗaya. In hannuwan baya suka bambanta da 'yan milimita, aksul ya karkace, motar ta kama tafiyar ƙaguwa, irin wadda mukan gani a tsofaffin manyan motoci, gaba a nan gindi a can. Ba na raina mai zare. Zaren da aka ja daidai yana auna to-in sosai, har masu motocin tsere suna amfani da shi. Amma zare ba ya ganin kasta. Ita sai an ɗora tayoyi kan faifai mai juyawa, a karya sitiyari digiri 20 dama, digiri 20 hagu, a ga yadda kamba ta canza, daga nan a fitar da lissafi, ko kuwa na'ura mai kwamfuta ta yi. Wurin da ya ce ya yi maka alaimen bayan ɗagawa, ba ka kuwa ga an karya sitiyari ana karanta ma'auni ba, to-in kawai ya taɓa.

Aikin yana da jeri. A fara da gejin iska da canza duk abin da ya mutu, gama ba a auna ƙafa mai wasa. A daidaita baya kafin gaba. A gaba kuma kasta da kamba tukuna, to-in a ƙarshe, domin taɓa na farkon yana motsa shi. Notocin bushin roba kada a ƙarasa ɗaure su mota tana rataye a jak, sai ta sauka nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar za ta kwana a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Wasu gwanayen sukan bar ɗan fifikon kasta, abin da bai wuce rabin digiri ba, a gefen da ke wajen bakin hanya, saboda kwalta tana gangarawa gefe domin ruwa ya wuce. A ƙasar nan tun watan Afrilu na 1972 da muka koma bin hannun dama, wannan gefen shi ne na dama. A kuma tabbata sitiyari ya zauna tsakiya daidai. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga ƙirar 2012 doka ta tilasta a sa musu na'urar da ke kama birki da kanta in ta ga mota za ta kufce, tana kuwa karanta matsayin sitiyari ne. In ya karkace alhali mota tana tafiya a miƙe, sai ta ɗauka santsi ake yi, ta kama birkin taya ɗaya ba gaira ba dalili.

Akwai kuma bashin da babu hannun da ke biyansa. Motar da aka ɗaga nauyinta ya hau sama, ta fi saurin kifewa a kwana, fitilarta kuma tana haska idon mai tahowa. Shi ya sa wasu ƙasashe ba su bar abin ga son ran mai mota ba. A Jamus sai masu binciken motoci sun amince da canjin. A jihohin Ostareliya da dama, ɗaga sifirin fiye da milimita 50 sai injiniya ya duba ya sa hannu. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta haramta, tun daga watan Disamba na 2021, yayin nan na ɗaga gaban a-kori-kura a bar gindinta ƙasa, wanda ke hana direba ganin abin da ke gabansa. Mu kuwa jami'in da zai tsai da kai a hanya zai dubi takardu da tayoyi da fitila, amma ba ya tafe da ma'aunin kasta a aljihu. Binciken ya koma wuyan mai mota.

Saboda haka in an gama aiki, a karɓi takardar awo mai nuna lambobin kafin gyara da na bayan gyara, a ajiye ta tare da takardun mota, domin mai awo na gaba ya san inda aka tsaya, tun da lambobin littafin kamfani ba lalle su dace da motar da aka sake wa tsayi ba. A sa makaniki ya ja layin fenti ɗaya ya ratsa notin kulle da jikin hannu. Bayan tafiyar 'yan kilomita ɗari na farko, lokacin da sabon sifirin ya gama zama, a leƙa ƙarƙashi: in layin ya rabu biyu, noti ya motsa. A kuma shafa tafin hannu a kan tayar gaba, daga ciki zuwa waje, sa'an nan daga waje zuwa ciki. In ta yi santsi ta wannan fuska ta yi kaifi ta waccan, a koma wurin awo a makon.